Ƙusar Nababa Mai Rijiya

Duk wanda ya taɓa jan guga tsakanin Kontagora da Tungan Magajiya ya san sunan Nababa, ko da bai taɓa ganin fuskarsa ba. Sunan yana nan a bakin rijiya, an karce shi a kan siminti, haruffan a karkace kamar za su faɗa ciki. Su ke nan haruffan bokon da ya iya a duniya. Wani malamin firamare ne ya koya masa su da kara a ƙasa.

Shekara talatin da ɗoriya ya yi yana haƙar rijiya. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, ba ya son doguwar magana. Abin da ya raba shi da sauran masu haƙa kuwa, shi ba ya sa suna ranar da ya gama aiki. Sai ya bari damina ta wuce, rani ya tsaya, bazara ta kai inda rafi ke komawa hanyar shanu, sannan ya ɗaure ƙullin siminti a bayan keke ya koma. Ya zura guga. In gugan ya fito da ruwa, ya sha, ya kwaɓa siminti ya shafa a bakin rijiyar, ya zaro wata doguwar ƙusa daga naɗin hularsa ya rubuta sunansa. In ya fito da laka, ya tuɓe riga ya sake shiga ramin, ba ya neman ko kwabo. Har ta kai a ƙauyuka in ana zancen rijiya, tambayar farko ita ce, mai suna ce ko marar suna?

A shekarar 1994 ƙirji ya kama shi. Likita ya ce in ya ƙara shiga rami, a can za a yi masa sutura. Sai Nababa ya koma zaman zaure, yana kallon masu wucewa, diga da igiya suna jingine a lungu. Gaisuwa ta fara raguwa. Wannan ya fi tarin cin ransa, ko da yake bai taɓa faɗa wa kowa ba.

Wata hantsi mota ta tsaya a ƙofar gidan. Alhaji Muhyiddin ne, matashin ɗan kwangila, jikan malamai, wanda ke neman aikin rijiyoyi bakwai a wajen Bangi. Ya cire takalmi, ya durƙusa, ya yi gaisuwa mai tsawo, sannan ya shigo da zancen.

"Baba, sunanka na zo saye."

"Sunana? Wanda aka yanka mini rago?"

"Shi fa. Zan yi wa kamfani rajista da shi, in sa a allo, in sa a jikin mota. Kai ka huta, sunan ya ci gaba da aiki. Dubu arba'in."

Nababa ya yi tari ya dubi ƙasa. Ya san yaron yana da injin, yana da ma'aikata, yana da masu yi masa magana a ofis. Abu ɗaya ya rasa: dagatai sun ce ba su san shi ba. Ke nan ba haruffa shida ya zo saye ba, bazara talatin ya zo ɗauka a rana ɗaya.

"Yaushe za ka riƙa sa sunan?"

"Ranar da muka miƙa aiki mana, Baba."

"Da damina? Lokacin da ko akuya ta tona ƙasa sai ta ga ruwa?"

Alhaji ya yi dariya ya ce dubu sittin. Daga bayan labulen zaure aka ji gyaran murya. Rabi'a ce, matar Nababa, wadda ta shekara uku tana tara kwanoni a tsakar ɗaki saboda yoyo duk lokacin da hadari ya taso.

"Malam," in ji ta, "in ba ka ji ba, ni na ji. Sittin ya ce. Sunan nan dai ba ya tare yoyo."

"Inna ta fi ka lissafi," in ji Alhaji. "Don darajarta, tamanin."

Nababa ya rufe ido. Ya ga sabon kwano a kan ɗakin Rabi'a yana ƙyalli. Ya kuma ga wata mata da bai sani ba, a wani ƙauyen Bangi, ta karanta sunansa a bakin rijiya da tsakar bazara, ta ja guga ta fito da laka, ta ambace shi da abin da ba a faɗa a gaban yara.

"Alhaji ƙarami," ya ce, "na sallama a talatin."

"Tamanin na ce, Baba."

"Na ji, ba kunne ne ke ciwo ba. Talatin, kuɗin kwanon wannan baiwar Allah. Allo da mota ka rubuta abin da ka ga dama. Amma bakin rijiya nawa ne." Ya zaro ƙusar ya ɗora a kan tabarma. "Wannan ba ta cikin ciniki. Kowace bazara ka aiko a ɗauke ni. Wadda na sha ruwanta in rubuta. Wadda ban sha ba, ku koma ciki."

"La ilaha illallahu!" in ji Rabi'a. "Tunda nake ban taɓa ganin mai saye yana hawa, mai sayarwa yana sauka ba. Malam, ko ƙirjin ya hau kai ne?"

Alhaji Muhyiddin bai yi dariya ba wannan karon. Ya fahimci cewa rangwamen dubu hamsin ɗin nan zai iya cin fiye da haka. Ya yi ƙoƙarin mayar da zancen kan kuɗi, ya kai har dubu ɗari a bar maganar ƙusa. Nababa ya mayar da ita cikin hula ya fara tambayarsa lafiyar mahaifinsa. Da Alhaji ya ga an koma gaisuwa, ya san kasuwa ta tashi. Ya miƙa hannu.

Mutanen unguwa sun ce tsoron Allah ne, kuma ba su yi ƙarya ba. Sai dai akwai abin da Rabi'a kaɗai ta gano, ranar da ta ga ya wanke hularsa tun bazara da saura wata biyu. Mutumin nan ba sunansa kawai ya tsare ba. Ya saya wa kansa hanyar fita daga zaure, da dalilin da zai sa a ci gaba da jiransa a ƙauyuka. Ta faɗa masa haka a fuska. Ya ce ta cika surutu, amma bai musa ba.

Da bazarar ta zo, aka ɗauke shi a gaban mota zuwa Bangi, ƙullin siminti a kan cinyarsa. Rijiya biyar ya sha ruwansu ya rubuta. Ta shida da ta bakwai guga ya fito da laka. Dagaci yana tsaye, mata suna tsaye, Alhaji yana share gumi.

"Baba, rufa mini asiri. Saura mako uku ruwa ya sauka."

"Shi ya sa za ku yi sauri," in ji Nababa. Ya leƙa ramin ya shaƙi ƙamshinsa, ya ce a ƙara wa kowacce zurfin gaba biyu.

Alhaji ya juya ya ce wa ma'aikatansa su sauke igiya. Nababa ya nemi inuwar wata ɗorawa ya zauna, ƙusar tana cikin hula, yana yi wa na cikin rami tsawa kan yadda suke riƙe diga.