Guɗar Inna ranar kai ni ɗaki

Jiya a bikin jikata wata mata ta kama hanci ta rangaɗa guɗa, kawai sai na ji hawaye. Inna ce ta faɗo mini a rai.

Mahaifiyata ke nan, mai guɗar unguwarmu Zaitawa tun kafin a samu 'yancin kai. Sai wani ciwo ya kama mata kuncin dama, mai fizga kamar walƙiya. Lokacin cewa ake shafar aljanu, yanzu likitoci na cewa jijiyar fuska ce.

Ta san halinsa sarai. Ruwan sanyi na alwalar asuba yana tayar da shi, haka tauna goro, haka iskar mafici. Mafi muni taɓa gefen hanci, ita kuwa guɗa sai an kama hanci. Dole ta bari.

Ranar da za a kai ni ɗakin miji, koko kawai ta sha, ta rufe kuncin da mayafi, gaisuwa ma da hannu take amsawa.

Ƙanwarta ta ce, "Yaya, ga ciwo, ga kunyar 'ya. A kira wata mai guɗar mana."

Inna ta ce, "Na yi wa 'ya'yan mutane, autata za a yi wa aro? Da la'asar yake lafawa. Ku fito da ita lokacin, kar ku jira dare."

Da aka fito da ni, ta kama hanci ta rangaɗa guɗar har ƙarshe, sannan ta durƙushe a zaure riƙe da fuska. Ban ƙara jin guɗarta ba.

Wa ya taɓa haɗiye ciwo dominku? Ku faɗa mini, mu yi musu addu'a tare.