Layin da Bai Shiga Ba

Ni mutum ne da ba ya iya ganin layi a karkace. Sana'ata ke nan: ina da ɗan shago kusa da tashar mota a Tanut, ina buga wa mutane takardun neman aiki da na sayar da fili da na roƙo zuwa ga hukuma. Ordinata ɗaya gare ni, wato kwamfuta, da injin fotokofi mai nishi kamar tsohon jaki. In takarda ta fito gefen hagu ya fi na dama faɗi, sai in yage ta in sake, ko da mai ita ya rantse ya gode. Matata ta sha cewa wannan hali wata rana zai ja mini, ni kuwa ina yi mata dariya.

Akwai wani wasa da wani malamin lakwal, wato makarantar boko, ya kawo mana daga Yamai. Mutum ɗaya ke ba da labari, sauran kowa ya ɗauki mutum guda a cikin labarin ya zama shi. In ka ce za ka tsallake rami ko ka sari ɗan fashi, sai ka jefa ƙwayar ludo, ita za ta faɗi ko ka yi nasara. Babu ko dala a ciki, wannan mun gaji da faɗa wa masu wucewa suna hararar mu. Bayan la'asar muke zama a bayan shagona, mu biyar, da butar shayi. Labaran da malamin ya zo da su na ƙasar ƙanƙara ne, da mayaƙa cikin rigar ƙarfe, ba su shige mu ba. Sai muka ƙirƙiri namu: ayarin raƙuma zai je ɗauko gishiri, aljanu da ƴan fashi suna jiran sa a hanya. Ni aka ba aikin ba da labarin.

Da malamin ya nuna mini dokokin da ya rubuta a littafin ƴan lakwal, rubutu kamar kaji sun yi tono, raina ya ɓaci. Na ce ya ba ni mako biyu.

Ban taɓa jin daɗin aiki irin na makon nan biyu ba. Na raba shafin dokoki gida biyu don ido ya huta. Na sa kanun kowane sashe da baƙi mai kauri, na jera lambobin shafi a ƙasa daidai tsakiya. Na gano cewa duk inuwar da na sa a bayan rubutu injin fotokofina mayar da ita yake baƙi ƙirin, sai na koma ga layuka sirara. Da na zo kan takardar kowane ɗan wasa, hannuna ya bi abin da ya saba. Wanda ya shekara goma yana buga takardun buro, wato na ofis, in ka ce ya tsara bayanin mutum, ai na buro zai tsara maka. Lamba a sama daga hagu. Suna, sunan uba, wurin haihuwa. Aiki a cikin ayari. Makami. Ɗan akwati a dama na manna hoto. Har hatimi na sassaƙa da gindin tsohon silifa, raƙumi a cikin da'ira, na bubbuga musu da shuɗin tawada.

Malamin ya ce a can kowa sunan ƙarya yake ɗauka. Mutanenmu suka ƙi. Ɗaya ya ce shi ba zai zauna ana kiran sa da sunan da ubansa bai raɗa masa ba. Kowa ya sa sunansa na gaskiya da na mahaifinsa. Ni mai ba da labari ba ni da takarda, don haka sunana bai fito ko'ina ba.

Cikin mu biyar akwai abokina tun na lakwal, Buzu ne, danginsa makiyaya ne a arewacin Belbeji. Yakan zo da cuku da ƴan awaki, ya kwana biyu uku ya koma. Ba shi da yawan magana, amma in an zauna wasa shi ne jagoran ayari, kuma ba ya wasa da aikin. Ranar da na shimfiɗa taswirar da na zana, ya daɗe yana kallon ta, sannan ya ja rawaninsa ya rufe baki don kada in ga dariyarsa.

"Aboki, wa ya haƙa maka rijiya a kan tudu? In ayari ya bi wannan hanya taka, ran na uku duk kun mutu."

Ya karɓi alƙalami ya gyara. Ya sa rijiyoyi na gaskiya, da kwarin da ake bi, da tafiyar yini nawa ke tsakaninsu. Na mayar da ita cikin ordinata, na ja mata layukan murabba'i, na sa alamar gicciye a wurare uku inda ƴan fashin labarina za su ɓuya. A shafin ƙarshe, wanda ni kaɗai ya kamata in karanta, na rubuta a sama cewa sirri ne, a ƙasa kuma na tsara abin da zai faru kowace rana. Rana ta uku, a tare su a bakin rijiya kafin su sauke kaya.

Saura bango. Na rubuta sunan ayarin da manyan baƙaƙe, a ƙarƙashinsa na sa layi guda mai cewa wannan wasan labari ne na zaman hira. Layin ya yi tsawo, kalma biyu suka zubo ƙasa suka ture hatimin daga tsakiya. Na rage girman baƙin, ya yi muni. Na matse shi, ya ƙara muni. Sai na goge layin gaba ɗaya, shafin ya zauna cas, na ji sanyi a raina.

Abokina ya ce in ba shi kofi guda na takardun ya kai wa kawunsa ya duba rijiyoyin. Na haɗa masa duka, na sa cikin leda. Da safe ya hau motar kasuwa.

Kafin azahar direban motar ya shigo shagona. Bai zauna ba. Ya ce a wani bariyer, shingen bincike da ke kan hanya, jandarmomi sun bincike kaya, sun ga takardun, sun sauke abokina. Ya ce sunan da ke katinsa na ɗan ƙasa shi ne a takardar, ga kuma inda aka rubuta jagora, aka rubuta takobi da bindiga. Ya dube ni, ya ce shi dai ya faɗa mini, ya fita.

Duk wanda ke zaune a yankinmu na Damargu a shekarun nan ya san abin da taswirar daji mai alamar gicciye take nufi a hannun ɗan makiyaya. Kuma ban ga laifin waɗanda suka tsare shi ba, ni ma da ni ne a wurin da na tsare shi. Na zauna ina tuna shafukan ɗaya bayan ɗaya, ina neman inda kalmar wasa ta fito. Ba ta fito ba. A shafin dokoki na yi ta cewa a jefa ƙwaya, ban ko ce ta ludo ba.

Ina so in ce na rufe shago na bi shi. Ban bi shi ba. Tsoro ne ya kama ni, irin wanda ke sa mutum ya ji fitsari alhali bai sha ruwa ba. A raina na ga an zo an ɗauke ordinata, an sa ni a bayan mota an yi Damagaram da ni, matata tana tsaye a ƙofa da goyo. Na ja ƙofar shagon, na goge komai daga cikin ordinata. Na kwashe duk gwajin da na buga, har da bangon farko mai ɗauke da layin nan, na kai bayan shago na cinna musu ashana. Sai da suka zama toka na gane cewa shaidar da za ta wanke shi ce na ƙone da hannuna.

Duk motar da ta rage gudu a bakin tasha, sai in ce ni suka zo ɗauka. Wata mata ta zo fotokofin takardar haihuwa na ce mata babu kuran, an ɗauke wuta, alhali fanka na juyawa a kanmu. Na yi ta gaya wa kaina cewa za su gane, za su sake shi kafin magariba. Kuma a ƙasan wannan akwai wani tunani da nake jin kunyar rubuta shi: sunana ba ya ciki, in bai faɗa ba babu mai sani. Da na koma gida matata ta tambaye ni ko zazzaɓi ne, na ce shi ne.

Washegari da hantsi wani dattijo mai baƙin rawani ya yi sallama a ƙofar shago. Mahaifin abokina ne. Sau biyu na taɓa ganin sa. Tun asuba ya taso, ya fara zuwa bariyer ɗin, aka ce masa in ba a sami wanda ya rubuta takardun ba, gobe za a wuce da ɗansa gaba.

"Ɗana, an ce kai ka iya takardar hukuma. Ka rubuta mini roƙo. Ka ce yaron nan tun da aka haife shi awaki ya sani. Sun tambaye shi wa ya ba shi takardun, ya ce wasa ne, sun ce wa ya rubuta, ya yi shiru. Ban san wane ɗan banza ne ya sa shi cikin wannan ba."

Na ce to, Baba. Na zauna gaban ordinata. Wallahi har na fara: na sa kwanan wata a dama, na gyara gefe, na rubuta gaisuwar girmamawa. Ina ta buga baƙi biyu a wurin ɗaya. Tsohon ya tsuguna a ƙasa ya ƙi kujera, yana kallon allon kamar daga nan ɗansa zai fito.

Na tashi na ce, "Baba, takarda ba za ta yi ba. Mu je tare, na san yadda zan yi musu bayani." Ko a nan ban iya gaya masa ni ne ɗan banzan ba.

Na ɗauki ƙwayar ludo da hatimin silifa. Na biya lakwal na karɓi tsohon littafin malamin, mai rubutun tonon kaji, wanda a shafinsa na farko ya rubuta wasa da Hausa da Faransanci har ya ja masa layi biyu. Malamin ya so ya biyo mu, na ce ya zauna, in ban dawo ba ya gaya wa matata.

Ban san tsawon tafiyar ba, na dai ga mun iso bariyer ɗin. Aka bar tsohon a waje, aka shigar da ni wurin shef, babban jandarmomin. Mutum ne mai furfura a gemu, takarduna suna shimfiɗe a gabansa. Na hango abokina ta wata ƙofa, zaune a kan benci, babu rawani a kansa. Tun muna yara rabon da in ga kansa a buɗe.

"Ranka ya daɗe, ni na buga su," na ce. Muryar da ta fito ba tawa ba ce.

Ya sa na maimaita. Ya karɓi hatimin, ya juya shi ya ga sauran zanen gindin silifa, ya buga a farar takarda ya gwada da na bangon. Ya buɗe littafin malamin ya daɗe yana karantawa. Sannan ya turo mini ƙwayar ludo ya ce in nuna masa rana ta uku. Na tsaya a gaban mutum mai bindiga ina ba da labarin aljanin da ke zaune a rijiya, gumi yana bin bayana. Na jefa ƙwayar, ta gangara ta faɗi ƙarƙashin tebur, na durƙusa ina lalube tsakanin takalmansa.

"To me ya hana ka rubuta wasa ne a kai?"

"Na rubuta, shef. Layin ne bai shiga ba."

Ya kalle ni, kallon da har yau in na tuna nake jin kunya. Bai yi dariya ba. Ya ce in san cewa rijiyoyin nan mutane ke sha, kuma akwai waɗanda za su so irin wannan taswira ba don ludo ba. Ya sa aka ɗauki bayanina da sunayen sauran, na sa hannu, ya riƙe takardun duka. La'asar ta yi sanyi kafin a miƙa wa abokina rawaninsa.

Muka fito bakin hanya jiran mota, su za su yi yamma, ni in koma Tanut. Tsohon ya kama hannuna da hannu biyu yana sa mini albarka. Da ya matsa wajen wasu matafiya, abokina ya tsaya kusa da ni yana naɗa rawani a hankali. Idanunsa sun yi ja.

"Yaushe ka ji?" ya ce.

"Yau," na ce. "Da Baba ya zo."

Ya ƙarasa naɗin, ya ja shi ya rufe baki.

"Aboki, ni na raɗa wa direban ya je wurinka, kai kaɗai. Jiya duk motar da ta tsaya sai na miƙe na leƙa."

A bayanmu tsohon yana nuna ni da sandarsa, yana gaya wa matafiya da ƙarfi cewa ga yaron kirkin da ya fitar masa da ɗa.