Gonar Malam Sule da Binciken Oga

Har na yi ritaya ban manta da ranar da Malam Sule ya shigo ɗakin gwajinmu da 'ya'yansa biyu ba. A tsakiyar shekarun tamanin ne, ina ƙaramin ma'aikaci a wani ɗakin bincike kusa da Kura. Ogana likita ne daga jami'a, yana nazarin yadda ƙwayoyin jinin manoman rani suke tsufa. Aikina in ɗebi jini, in juya shi a inji har tsofaffin ƙwayoyi su kwanta ƙasa, in shafa a gilashi mu leƙa a madubin likita.

Kafin a ce me, labari ya kai kasuwar Bunkure cewa mun kawo na'urar gane tsoho.

Shi Malam Sule 'ya'yansa ne suka matsa masa ya sakar musu gonar shinkafarsa ta bakin kanal ɗin ban ruwa, wai ya tsufa, ya huta. Irin tausayin nan da ba ya tashi sai shinkafa ta yi daraja.

Ya miƙa wa Oga hannu, ya ce, "Likita, ɗebi ka duba. In na'urarka ta ce na tsufa, yau ɗin nan su ɗauki gonar."

Babban ɗan ya ce, "Mun yarda, Baba."

Ni kuwa na san na'urar ba ta san shekarun kowa ba. Jinin jariri ma da tsofaffin ƙwayoyi a ciki. Oga ya leƙa, ya gyara tabarau, ya sake leƙawa. Sannan ya ba da amsar da yake ba kowa, daga ɗalibi har kwamishina: "To, Baba, sai an ƙara bincike."

Tsoho ya miƙe ya kakkaɓe riga. "Kun dai ji da kunnenku. Ran da aka gama, ku zo mu yi magana."

Bayan nan maganin da muke rina jini da shi kafin dubawa ya ƙare, kuɗin saye ba su zo ba, injin ya lalace, Oga ya tafi Turai ƙaro ilimi. Duk girbi babban ɗan nan sai ya leƙo ya ce, "Malam, sakamako fa?" In ce ana kai.

Malam Sule ya ci gaba da noma gonarsa har Allah Ya karɓi abinsa. Ku yaran da kuka gaje mu, masu ƙorafin aikin bincike ba ya ƙarewa, ku yi a hankali. A iya sanina, binciken nan mutum ɗaya tak ya amfana, shi ma don ba a gama ba ne.