Mai Sanƙo da Shuɗiyar Kwalba

A kantin magani akwai wani dattijo a gabana, sanƙonsa sai ƙyalli yake. Yana jujjuya 'yar shuɗiyar kwalba, wani man tsiro da gashi mai sinadarin tagulla, yana karanta jikinta da tabarau a bakin hanci. A raina na ce, lallai Baba bai saduda ba.

Mai kantin ta saci kallon kansa. "Baba, wannan fa sai da haƙuri."

Ya shafa sanƙon yana dariya. "'Yata, wannan gonar ai ta daɗe da mutuwa. Na maiɗakina ne. Jinya ta kwashe mata gashi, yanzu ko a gabana ba ta cire ɗankwali."

Ya zura kwalbar a aljihun ƙirji, ya fita yana dafe da ita.