Wasiƙun Juma'a da Yaya Lawal Bai Rubuta Ba

Shekara huɗu ke nan da aka fita da Yaya Lawal daga gidanmu na Ƙanƙara, aka kai shi makwancinsa. Shi ne babbanmu, ni ce auta, kuma shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu har na zama malamar makaranta. A irin wannan rubutu an saba a yi yabo, a rufe da addu'a, mai karatu ya ce Allah ya jiƙansa ya buɗe shafi na gaba. Addu'ar ina yin ta kullum. Amma gara in faɗa tun yanzu cewa da fushi na zauna wannan rubutu, domin akwai mutanen da har yau ba su san ya rasu ba. Duk Juma'a wasiƙa na shiga wayarsu da sunansa a ƙasa.

Malamin gona ne shi. Da ya bar aiki sai ya buɗe shago a bakin kasuwa, yana sayar da iri da buhunan ajiya, irin masu leda a ciki da ke hana ƙwaro numfashi. Abu ɗaya ya tsana a duniya, wato a zuba wa hatsin ci guba don a kashe ƙwari. Ko a gidan biki aka kawo masa shinkafa da wake, sai ya kai hanci ya sunsuna kafin ya kai baki. Mun sha jin kunya a kan haka. Idan muka yi masa magana sai ya ce shi bai ga amfanin wake mai kyawun ido ba idan zai kwantar da yara a asibiti.

Da hanyoyinmu suka lalace da masu tare mutane, 'yan kasuwar Faskari da Sabuwa suka rage shigowa, manoman Daudawa da Ruwan Godiya kuma sai dole ke fito da su. Shago ya yi sanyi. Sai Yaya ya zauna ya rubuta ɗan littafi da Hausa mai sauƙi a kan yadda ake ajiye wake da masara har damina ta zagayo ba tare da guba ba. Ya sa hotuna, ya haɗa da muryarsa don waɗanda ba su karatun boko, ya ɗora a intanet. Kowa na iya sauke shi a wayarsa kyauta. Sharaɗi ɗaya ne: ka bar sunanka da garinku da adireshinka na imel, inda zai riƙa aiko maka da wasiƙa duk Juma'a.

Na yi masa dariya ba kaɗan ba. Na ce wa ya ga manomin Sabuwa da imel, ba sai ya karɓi lambar waya kamar kowa ba?

"Auta, ke malama ce amma ba ki san kasuwa ba," ya ce. "Lambar waya yau tana hannun mutum, gobe tana hannun wanda ya tare shi a hanya. Imel kuwa shina nan shina jiran mai shi. Kuma duk mai babbar waya shina da shi, ko ya sani ko bai sani ba."

Gaskiyarsa ce. Lokacin da aka yanke layin waya a yankinmu, mutum sai ya fita Funtuwa ya tarar wasiƙun Yaya sun taru suna jiransa, ya karanta a tasha, ya koma gida ya gaya wa maƙwabta. Wanda bai iya karatu ba, 'yarsa ko ɗansa ke karanta masa. Wasiƙun gajeru ne. Wani mako ya ce kada a rufe wake a buhu sai an ciza an ji ya yi ƙaras. Wani mako ya yi faɗa a kan masu yayyafa maganin ƙwari na fiya-fiya a rumbu. Sai can ƙasa, a layi ɗaya, ya ce mai son buhu ya aiko, za a ba direba. A shafin farko na littafin ya yi alkawari cewa ba zai ba kowa adireshin mutum ba, kuma ba zai tallata abin da ba zai yarda ya shiga tukunyar gidansa ba. Mutane suka yarda da shi, sunaye suka yi ta ƙaruwa, har daga garuruwan da bai taɓa takawa ba. Da wannan shago ya farfaɗo.

Akwai wani aminin Yaya tun na ƙuruciya, zan kira shi Habu. Shi ke sayo masa kaya daga Funtuwa, kuma da idon Yaya ya fara rauni shi ke buga masa wasiƙun a kwamfuta, Yaya na faɗa yana rubutawa. A gidanmu yake cin tuwo. Yaran Yaya Baba suke ce masa.

Hawan jini ne ya tafi da Yaya, bayan an gama girbi. Aka sanar a masallatai, aka yi zaman makoki, aka yi addu'ar uku da ta bakwai da ta arba'in. Duk wanda ƙafa za ta iya kawowa ya zo. Amma mutanen da suka san shi ta waya kaɗai ba su cikin masallatan da aka yi sanarwa, mu kuma 'yan gida babu ko ɗayanmu a cikin jerin masu karɓar wasiƙun, don mu da baki muke shan wa'azinsa.

Ranar rabon gado dattawa suka zauna a zaure, mu mata muna ciki. Aka lissafa gona, gida, babur, kayan shago, har da tsohon injin ban ruwa da ya daina tashi. Na aika aka kira mini Kawu Sale, ƙanen mahaifinmu, na ce a tuna da sunayen mutanen nan da ke cikin kwamfuta, don su ne ainihin shagon. Ya dube ni da tausayi, irin kallon da ake yi wa wadda baƙin ciki ya taɓa wa kai.

"Binta, sunan mutane ai ba dukiya ba ne," ya ce. "Mi za a ba marayu a ciki? A raba masu haruhwa?"

Na ji dariyar da aka yi a zaure da ya koma ya faɗa. Kwamfutar tsohuwa ce, fuskarta a tsage, an ɗaure murfin da roba. Sai aka haɗa ta da kayan da bisa al'ada ake bayarwa sadaka ga makusantan mamaci, riguna da huluna da takalma. Aka ce wa ya fi cancanta in ba amininsa ba. Habu ya karɓa da hannu biyu yana kuka. Lambar sirrin kuwa dama a kansa take.

Haka muka zauna ba mu san komai ba har daminar bara. Ina gidan Yaya Rabi, matar marigayin, muna tsince shinkafa, sai ga wata dattijuwa ta yi sallama ta shigo ba ta jira amsa ba. Ta ce ita ce Hajiya Mairo daga Sabuwa, mai sayar da wake, kuma Malam Lawal take nema. Muka dubi juna. Kafin ɗayanmu ta buɗe baki ta fara. Ta ce shekara da shekaru tana bin maganarsa, ba ta taɓa ganin fuskarsa ba amma ta ɗauke shi kamar ɗan'uwa. Ya rubuto cewa an samo sabon garin magani da ya fi buhu sauƙi, a barbaɗa a wake, ba ya cutarwa. Ta saya, ta barbaɗa, ta dafa a gida, jikokinta suka kwana a asibiti suna amai. Allah ya tashi kafaɗunsu, amma labari ya zagaye gari, babu mai sake tsayawa gaban tirenta.

"Ku hwaɗa mashi," ta ce, tana nuna ƙofar ɗakinsa da yatsa, "Allah ya isa tsakanina da shi."

Yaya Rabi ta zame ta zauna a ƙasa. Ni ce na iya cewa, "Hajiya, Malam ya rasu tun shekara uku." Ba ta yarda ba sai da aka nuna mata marayu. Sannan ta miƙo mini wayarta, na ga wasiƙar da ta shigo Juma'ar da ta wuce.

Na karanta ta da na bayanta duka a tsaye. Irin sallamarsa ce, irin barkwancinsa, har da yadda yake cewa "'yan'uwana masu rumbu". Mutumin da ya shekara yana buga maganar wani ya san yadda zai kwaikwaye shi. Littafin ma yana nan ana sauke shi kyauta, hoton Yaya a bango, alkawarin nan a shafin farko ba a taɓa shi ba, sai dai a tsakiya an cire babin buhu an sa na garin magani. Abin da ya fi ƙona mini rai na gano shi daga baya, da na tambayi wasu 'yan Ƙanƙara da na san suna cikin jerin. Suka ce ai tun bayan rasuwarsa wasiƙa ta daina zuwa musu. Ashe Habu bi ya yi ɗaya bayan ɗaya ya cire duk wanda ya san ya zo jana'iza, ya bar na nesa. Wannan ba kuskure ba ne, zama aka yi aka tsara.

Na kai maganar gaban dattawa. Aka kira Habu, ya ce shi sunan shago yake amfani da shi, kuma don kada sunan amininsa ya ɓace ne. Aka ce ya daina, ya ce to. Ni kuma aka ce in rufa asiri, mutumin nan shi ke kawo wa marayu hatsi da kayan Sallah. Aka tashi da fatiha. Juma'a na zagayowa Hajiya Mairo ta turo mini sabuwar wasiƙa.

Nakan tambayi kaina me Yaya zai ce da zai leƙo yau. Na san zai ji daɗin wasu abubuwa. Dabarar da muka yi wa dariya yanzu ta zama ruwan dare: mai turaren wuta na ba da ɗan littafin gyaran ɗaki kyauta, mai kiwon kaji na ba da na rigakafi, kowa na tara sunaye. Zai yi murmushi ya ce, Auta, ba na gaya miki ba? Amma zai tambaye su ko sun san abin da suke tarawa. Mutumin da ya ba ka adireshinsa don littafin kyauta, ƙofar gidansa ya buɗe maka, kuma ba ya rufe ta don ka mutu, tunda ba wanda ya gaya masa. Zai tambaye su wa zai riƙe makullin bayansu. Game da Habu kuwa, na san halin Yaya, kwana biyu zai yi yana fushi sannan ya aika masa da tuwo. Ni ba Yaya ba ce.

Da kaka ta yi na shiga mota na tafi Sabuwa, duk da halin da hanya ke ciki, don in roƙi Hajiya Mairo ta janye kalmar da ta faɗa a ƙofar ɗakinsa. Ba na iya barci da sanin cewa akwai Allah ya isa a kan mutumin da ke kabari bai ji ba bai gani ba. Ta karɓe ni da mutunci, ta ba ni fura. Ta ce Malam ta wanke shi har ga Allah, kuma tana sa shi a addu'a.

"Amma kalmar ban janye ta ba, ɗiyata," ta ce. "Gida na sake mata, ta koma kan wanda ya rubuto."

Wannan ita kaɗai ke nan. Sauran fa? Ban san yawansu ba, ban san garuruwansu ba, ba ni da hanyar isa gare su, don jerin na hannun Habu. Ban san tukunya nawa garin nan ya shiga ba, ban kuma san baki nawa ya ambaci sunan Yaya da mugun nufi ba. Shi ya sa na zo jarida. Duk wanda ya taɓa sauke littafin ajiyar wake na Malam Lawal, ko ya san wanda ya sauke, ya ji daga bakin ƙanwarsa: Malam ya rasu shekara huɗu da suka wuce. Duk wasiƙar da ta zo bayan haka ba shi ya rubuta ba. Garin maganin nan kada ya kusanci abincinku. Abin da ya koyar na gaskiya yana nan a rumbunan da ake shanya wake sai ya yi ƙaras, a ɗaure bakin leda tam, a buɗe bayan watanni yara su ci lafiya. Wannan shi ne nasa, kuma shi ya rage.

Bana Habu ya biya kujerar Makka. Tun bai je ba ake ce masa Alhaji, yanzu zai cika sunan. Kamar yadda maniyyata ke yi, ya bi gida-gida yana neman gafara, ya zo namu da farar shadda da carbi a hannu. Yaya Rabi ta sunkuyar da kai ta ce ta yafe, don ita ba ta iya riƙe mutum a zuciya. Ya juyo gare ni.

"Ƙanwata, a yahe mani abin da na sani da wanda ban sani ba."

Na ce wanda bai sani ba na yafe. Wanda ya sani kuwa sharaɗi ɗaya ne, kuma ba ya cin ko sisi: ya buɗe kwamfutar nan a gabana, ya rubuta wasiƙa ɗaya zuwa ga kowa da ke cikin jerin, ya ce Malam Lawal ya rasu, ni Habu ni ke rubuto muku tun daga ranar, ya sa sunansa a ƙasa. Ya ja carbinsa. Sannan ya ce a bari sai ya dawo, yanzu hankalinsa na kan tafiya.

Na ce Allah ya kai shi lafiya, kuma da gaske nake. Ina so ya isa, ya sa harami, ya tsaya a Arfa ya ɗaga hannu yana roƙon a shafe masa komai, yana sane da cewa akwai wata mace a Ƙanƙara da aka tambaya ta ce a'a.