Guzurin Kafin Marke

Duk wanda ya tashi a Sabo ta Ibadan, garin da 'yan Arewa ke kira Badun, ya san zauren Malam Babandi, ko da bai taɓa shiga ba. Yana kan layin da ke gangarawa Mokola, zaure ne mai faɗi, da tabarmi a naɗe a jikin bango, da butoci jere a bakin ƙofa. Mahaifinsa, Malam Haladu, shi ya gina shi. Ya zo Kurmi da ƙafa yana saurayi, yana bin garken shanu daga wani ƙaramin gari na ƙasar Kano mai suna Kafin Marke, ya ce damina biyu zai yi ya koma. Ya yi aure, ya haifi 'ya'ya, ya tsufa, har aka binne shi a jar ƙasar Ibadan bai daina cewa baɗi ba.

Babandi ya gaji zauren, ya gaji sana'ar, ya kuma gaji wannan baɗin.

Sana'ar kuwa saukar baƙi ce. Fatake su zo daga Arewa da albasa ko wake ko barkono, su sauka a zaurensa, ya ba su tabarma da ruwan wanka, ya raka su Kasuwar Bodija ya tsaya musu wajen ciniki, domin Yarabanci a bakinsa kamar ruwa yake. Idan sun sayar, ya kai su wajen goro mai kyau. Shi ake ce wa maigida, kuma yawancin masu sauka wurinsa mutanen Kafin Marke ne, ɗa ya biyo uba, ƙane ya biyo wa.

Amma abin da ake tuna gidan da shi tukunyar matarsa ce, Barakatu. Ita ke ciyar da zauren daga cikin gida, tana kuma soya ƙosai da ƙuli-ƙuli na sayarwa. Gidan yana da ƙa'ida tun zamanin Malam Haladu: ba a tambayar baƙo yaushe zai tafi. Sai dai idan Barakatu ta ji an gama ciniki, an ɗaure huhun goro, ta haɗa guzuri, kwalbar manja, ƙullin garin rogo, soyayyen nama, ta aiko a ajiye a bakin zaure ba tare da magana ba. Baƙo ya gani, ya san an sallame shi da daraja. Kuma guzurin da aka ɗaure ba a kwance shi a garin da aka ɗaure shi, sai an hau hanya.

Idan baƙi suka tashi, Babandi yakan raka su tasha ya dawo jikinsa a sanyaye.

"Ni ma saura kaɗan in bi su gida," in ji shi.

"Malam, wannan gidan naka da ka ishe mu da shi, sau nawa ka kwana a cikinsa?" in ji Barakatu.

"Sau ɗaya ya ishi mutum ya san gidansu."

"To madalla. Ni dai a nan Sabo aka binne cibiyata. In ka tashi tafiya ka gaya mini in daka maka barkono, don na san miyarsu ba za ta wuce maƙogwaronka ba."

Gaskiyarta. Sau ɗaya ya je, yana yaro, riƙe da hannun mahaifinsa. Abin da ya rage masa bai wuce rijiya mai sanyin ruwa ba, da wani babban marke a ƙofar gidan kakansa, da furar da aka dama masa a ƙwarya. Da waɗannan ukun ya gina gari guda a zuciyarsa, ya yi ta zama a ciki har furfura ta rufe shi.

Zamani ya juya a hankali. Direbobi suka koma kwana cikin motocinsu, ciniki ya koma ta waya, kaya na wucewa Bodija ba su bi ta Sabo ba. Tabarmi suka daɗe a naɗe. Sannan Barakatu ta kwanta ciwo a farkon wata damina, ba ta ga ƙarshenta ba. Bayan an share makoki, 'ya'yan 'yan'uwansa da suke da gado a gidan suka zo cikin ladabi, suka ce suna son a mai da zauren shaguna. Bai yi musu ba. Zauren da babu baƙo, babu kuma mai aiko da tuwo, ɗaki ne kawai. Ga gwiwoyinsa sun daina jure hawa da gangaren Ibadan, ga ƙarar janareta da hayaniyar 'yan canji tun safe. Ya san lokacin tashi ya yi. Abin da ya rage shi ne ina zai je ya ƙarasa kwanakinsa, kuma su wa za su ɗauki makararsa.

A masallaci kowa da shawararsa. Wani ya ce Jeba, wai tsakiya ce, ba Kurmi ba, ba Arewa ba. Wani ya ce ya zauna inda yake, tsoho ba ya canza rijiya. 'Yarsa Khairiyya kuwa, wadda ke aure a Moniya ta Akinyele, ta zo takanas cikin 'yar ƙaramar tasin nan da ake kira Maikira.

"Baba, ka taho wurinmu. Akwai ɗaki a waje mai ƙofarsa daban, ga masallaci, ga asibiti. Garin shiru, ba kamar nan ba."

"Moniya? In bar Sabo in ƙara nutsewa cikin Kurmi, ni da nake da gari?"

"Abeg, Baba, wa ka sani a can?"

"Wa na sani? Rabin mazan garin da tuwon uwarki suka yi ƙarfi."

Ta sa gefen mayafi ta goge ido. Ya ba ta akwatin littattafansa ya ce ta riƙe sai ya aiko.

Ya buga wa Alhaji Suhaibu waya, wanda ya fi kowa daɗewa yana sauka a zaurensa, ya ce masa yana nan tafe. Iyakar abin da ya faɗa ke nan. A ganinsa ɗan gida ba ya cewa zan dawo in zauna, dawowa kawai yake yi. Sai dai hannunsa ya yi abin da ya saba gani. Ya sayi huhun goro, da jarkar manja, da doya, ya isa Kafin Marke niƙi-niƙi da tsaraba, ya bi gida-gida yana rabawa, kamar yadda baƙon kirki ke yi.

An karɓe shi karɓar da bai taɓa gani ba. Alhaji Suhaibu ya yanka rago, ya share masa ɗakin baƙi, ya shimfiɗa sabuwar darduma. Bayan sallar la'asar ya miƙe a masallaci ya ce, "Jama'a, ga maigidanmu na Badun. Wanda bai ci abincin gidansa ba, to ubansa ya ci." Dattawa suka yi ta miƙo hannu. Akussa suka yi ta shigowa har ya rasa inda zai sa ƙafa. Tuwon dawa da miyar kuka da ya yi shekara da shekaru yana yabo ya zauna masa a ciki kamar dutse, ya kama kansa yana marmarin amala da miyar ewedu ta Yarabawa, ya tuna maganar barkono, ya yi dariya shi kaɗai har dariyar ta koma wani abu. Yara kuwa suna jin ya ce "oya, mu je" sai su ɓuya bayan danga suna kwaikwayonsa.

Wannan duk bai dame shi ba. Ya ce wa kansa kwana ne zai gyara.

Ya nemi a kai shi gidan kakansa. Ya tarar da injin niƙa a wurin, mata sun jera kwanuka suna jira. An sare marken tun da daɗewa, an rufe rijiyar da siminti tun da aka sami famfo. A duk garin mutum ɗaya ce ta tuna mahaifinsa, wata tsohuwa da ake kira Iya Saude, wadda idanunta suka dushe. Ta shafa fuskarsa da tafinta.

"Ɗan Haladu ne? Haladun da ya bi shanu Kurmi bai dawo da zama ba? Allah sarki. Uwarsa ta mutu tana kallon hanya." Ta riƙe hannunsa ta daɗe. "To Allah ya yi albarka da ka tuna da mu. In ka koma gida ka gaishe mini da mutanen gidan."

Ya ce za su ji.

Ya shiga bin dattawa zuwa dakalin ƙofar masallaci. Ana maganar gyaran rufin makaranta, ya buɗe baki zai sa nasa, sai a yi murmushi a tambaye shi labarin Badun, wai da gaske ne ruwan sama na yin wata tara? Ya tambayi Alhaji Suhaibu ko ana samun ɗan fili a gefen gari. Alhaji ya yi dariya ya dafa shi.

"Za ka gina wa jikoki masauki in sun zo ganin dangi? Haba, maigida! Ina raye baƙona zai kwana a wani wuri?"

Maganar ta zo masa har leɓe, kunya ta mai da ita.

Sai aka yi rasuwa a garin, wani tsohon manomi. Aka sallaci gawa, aka ɗauka, mutane na karɓeɓeniya a hanyar maƙabarta kamar yadda ake yi ko'ina. Babandi ya matsa ya sa kafaɗarsa a ƙarƙashin makara. A Sabo ba a taɓa fita da gawa bai ɗauka ba. Bai yi nisa ba wani magidanci ya zo da sauri, ya zare shi a hankali, cikin girmamawa.

"Haba, Baba, muna tsaye baƙo zai ɗauki gawarmu? Huta abinka."

Ya koma baya ya bi sahu. A maƙabarta ya tsaya yana kallon yadda kowa ya san inda nasa yake ba tare da alama ba, wannan ya ɗan juya gabas ya yi addu'a, wancan ya nufi gindin wata aduwa. Shi kaɗai ne ba shi da inda zai juya. Nasa duka suna can cikin jar ƙasa, uba da uwa da mata da 'ya'ya biyu da suka rasu suna ƙanana.

Da safiyar ranar kasuwa, ranar da motar Kano ke tashi, ya buɗe ƙofar ɗakin baƙi ya gan su a jere. Ƙullin daddawa, buhun kuka, kilishi a takarda, tulun man shanu, garin ɗanwake, kowane gida da nasa, an ɗaure tsaf. Babu wanda ya yi sallama, babu wanda ya ce komai. Mutanen nan a zaurensa suka koyi wannan ladabi, sun kuma rama masa shi ba tare da sun rage komai ba. Har ɗaurin irin na Barakatu ne, baki biyu a sama.

Ya daɗe a tsaye. Sannan ya koma ciki ya naɗe kayansa.

Alhaji Suhaibu ya raka shi tasha yana ta ba shi haƙuri, wai ba su yi masa komai ba. Da aka ɗora kaya, Babandi ya zauna kusa da taga, ya ce a hankali, "Alhaji, da na zo ne in zauna."

Alhaji Suhaibu ya yi sororo. "Ka zauna? Nan? Innalillahi. Maigida, me ya hana ka faɗa?"

"Na ɗauka ba sai na faɗa ba."

"Mun ga ka zo da tsaraba, mun ga kana bin gidaje... Wallahi sauko. Direba, dakata! Ga ɗaki, ga fili, duk wanda kake so."

"Na sani za ka ba ni. Za ku riƙe ni da kyau har in mutu, ku ce baƙonmu ya rasu." Ya dubi ƙullin da ke cinyarsa. "An riga an ɗaure, Alhaji. Kai ma ka san ba a kwance shi a nan."

Motar ta tashi, Alhaji Suhaibu na tsaye da hularsa a hannu.

Bai koma Sabo ba, domin an riga an fasa bangon zauren. Moniya ya sauka. Khairiyya ta fito da gudu, ta ga kayan, ta ga fuskarsa, ba ta tambaye shi komai ba. Ta tuƙa masa amala, ta zuba barkono da yawa. Ya cinye tas, yana ci yana share ido, ya ce yaji ne.

A nan yake yanzu, a ɗakin waje mai kallon titi. Manyan motoci daga Arewa suna wucewa ta gabansa zuwa kasuwar shanu ta Akinyele, ba sa tsayawa. Duk da haka ya sa an ajiye masa tabarma da buta biyu a ƙofa. Maƙwabta Yarabawa na kiransa Baba Sabo, yana amsawa. Wata rana motar wani direba ta lalace kusa da gidan, ya zo neman ruwan alwala, ya ji Hausa a bakin tsoho ya yi murna.

"Baba, kai mutumin ina ne?"

Shekaru saba'in da 'yan kai amsar tana bakinsa a shirye. Yau kam ba ita ce ta fito ba.

"Ɗan Sabo ne," in ji shi. "Amma gidan babu shi yanzu."

Ya gaya wa Khairiyya cewa idan ta Allah ta kasance, kada a wahalar da kowa da doguwar hanya. A aika Sabo a faɗa a masallaci, za su zo su ɗauka, a kai shi inda aka kai mahaifiyarta. Daddawa da kuka sun ƙare tuni a miyar gidan. Tsumman da aka ƙulle su da shi ne bai bari an yar ba, yana nan a ninke cikin akwatin littattafansa.