Ranar da Shatu Ta Ce Ba Komai

Shatu maƙwabciyata ce a nan Gadarif ta ƙasar Sudan, katanga ɗaya ta raba mu, kuma tun da nake ban taɓa ganin mai saurin cewa "ba komai" kamarta ba. In ka taka mata ƙafa, ita za ta riga ka ba da haƙuri. Na sha yi mata tsiya cewa ko akuya ce ta cinye mata tuwo, sai ta tambaye ta ko gishiri ya ji a miya.

Kakanta ya taso daga Haɗeja a ƙafa za shi Makka, guzuri ya ƙare masa a Gadambaliya, nan kusa da mu, ya tsaya noman dawa, bai ƙara gaba ba. Can aka haife ta, can ta koyi yankan riɗi tun tana ƙarama. Da ciwon kalazar ya ɗauke mijinta, ta kwaso 'ya'yanta uku ta dawo gari, ta kama aikin tankaɗen riɗi a siton wani ɗan kasuwa, Alhaji Abdelaziz. Shekara goma sha tara ta yi a wurin. Da fari da rariya suke yi, daga baya aka kawo inji mai bel, wato igiyar roba mai juya shi, mata na zuba riɗi ta sama, shi yana ware tsakuwa da ƙaiƙayi. Murfin bel ɗin ya karye tun shekarar da aka kafa injin, ba wanda ya damu ya mayar.

Bara da kaka, ana cikin aiki, bel ya cafki gefen mayafinta, ya haɗa da hannun dama. Likita ya yanke shi daga gwiwar hannu.

Kwana uku da yin haka, ina zaune gefen gadonta a asibiti, sai ga Haitham, wakilin Alhaji, ya shigo da limamin unguwarmu da dattawa biyu. Ya dire sukari da ganyen shayi, ya sunkuyar da kai.

"Wallahi ya Hajja, tun ranar Alhaji ko ruwa ba ya iya haɗiya."

Shatu, wadda allura ba ta gama sakinta ba, ta ce, "Ba komai, ɗana. Ƙaddara ce. Ka ce masa na yafe."

Dattawa suka sa mata albarka, aka shafa fatiha. Sai Haitham ya zaro takarda, ya ce don kada hukuma ta dame ta da tambayoyi ne, ya kama babban yatsanta na hagu ya dangwala. Ina tsaye ina kallo. Na iya karatun Larabci sarai, amma kunyar liman ta hana ni cewa a miƙo in gani. Wannan abu har yau yana ci mini rai.

Tasneem ce ta fara gane ɓarnar. Lauya ce daga Khartoum, yaƙi ya koro ta da mahaifiyarta, suna haya a ɗakin gidana na waje. Hausarta ba ta wuce "sannu" ba, don haka da Larabci suka yi maganar. Ta karanta kwafin takardar da Haitham ya bar wa Shatu, ta ajiye.

"Hala," in ji ta, wato inna ke nan, "wannan tanazul ne. An rubuta kin bar haƙƙinki gaba ɗaya. Wanda ya rasa hannu a bakin aiki yana da diyya a doka, ke kuma an sa kin ce ba kya so."

Shatu ta ce, "Ni tsakanina da Allah na yafe, 'yata. Ban san ana rubuta irin wannan maganar ba."

Tasneem ta ce ana iya ture takardar. Ta ce ni in shaida halin da Shatu take ciki a asibiti, mata biyu daga sito su shaida cewa bel ba shi da murfi. Sai da na yi mako ina mita kafin Shatu ta yarda muka je ofishin ƙwadago. Ma'aikacin ya saurare mu, ya rubuta, ya ce za a tura mai bincike ya duba injin. Ranar na dawo gida da ƙwarin gwiwa, har na dafa mana gahawa.

Da safiyar Juma'a sai ga matan sito, su goma sha huɗu, Ummuhani na gaba, wadda suka yi shekaru suna aiki kafaɗa da kafaɗa da Shatu. Suka cika tsakar gidanta. Ummuhani ta ce Haitham ya tara su jiya. In mai bincike ya zo za a rufe injin a tsakiyar kaka, in an sake buɗewa kuwa ba su za a ɗauka ba, don masu gudun yaƙi sun cika ƙofar sito suna neman ko aikin shara. Ba wadda ta ce wa Shatu ta janye. Zama kawai suka yi, wasu da goyo, suna kallon ƙasa.

Na miƙe na zazzage su tas, na ce ba su da kunya. Ummuhani ta fashe da kuka ta ce, "To ki gaya mini me zan ba nawa bakwai?" Na koma na zauna.

Shatu ta kira Tasneem ta ce a bar maganar. Tasneem ta roƙe ta har da hawaye, ba ta sauya ba.

Bayan sati ɗaya Haitham ya aiko cewa Alhaji ya tausaya, Israa, babbar 'yar Shatu, ta zo ta maye gurbin uwarta. Gidan ba mai kawo ko ƙwayar dawa, sai Shatu ta ce ta je. Na tambayi Israa ko an gyara murfin, ta ce an ce sai bayan kaka.

Siton ba shi da nisa, ƙarar injin na iso mu har gida. Shatu takan yini zaune a gindin katanga tana saurare. Wutar lantarki kuwa a garin nan sai a ɗauke sau uku a yini. Duk lokacin da ƙarar ta yanke, sai in ji ta ta miƙe da gudu, ba ko takalmi, ta tsaya bakin ƙofa tana kallon hanyar sito, ba ta komawa ciki sai injin ya sake tashi.